Madubin Bindigar Yaya

Yayana mai yankan makulli ne. Shagonsa manne yake da nawa, bango ɗaya ya raba mu, ni ina ɗinkin labule shi yana gurzar ƙarfe. Tun da muka buɗe ban taɓa jin wani ya shiga wajensa ya fito bai sha tambayoyi ba. Ka kawo makulli a yanka maka irinsa, sai ya juya shi a tafin hannu, ya dube ka ta ƙasan ido.

"Na ina ne?"

"Na ɗakina."

"Ɗakinka, ko ɗakin da kake so ka shiga?"

Wasu su yi dariya, wasu su fizge makullinsu su tafi inda ba a tambaya. Ko a jikinsa.

Mahaifiyarmu takan ce tun yana goye sai ya shinshina abu kafin ya buɗe baki, amma abin da ya ƙarasa shi ya faru ne yana sabon buɗe shago. Wani mutum mai tsabta, mai fara'a, ya kawo makulli ya ce na ɗakin ajiyarsa ne. Yaya ya yanka masa, har ya raka shi bakin titi. Ashe na kantin maƙwabcinmu ne mai sayar da kekunan ɗinki. Aka kwashe kantin tas ba a fasa ko ƙusa ɗaya ba. 'Yan sanda suka zo suka tafi da Yaya, ya kwana a hannunsu kafin a gane ba shi da hannu. Tun daga nan fara'a ta zama abin tuhuma a wurinsa. Mai nama, ya ce sikelinsa yana da aljihu. Mai gyaran wuta, ya ce yana barin waya ɗaya a kwance don a sake kiran shi. Likitan ido kuwa, ko ƙofarsa bai yarda ya taka ba, wai tabarau suke ba ka da zai kashe maka ido a hankali don ka riƙa komawa. Idonsa na hangen nesa kamar na shaho, amma na kusa ya daɗe da gajiya. Makulli dai ba da ido yake yanka shi ba, da yatsa yake jin haƙoransa.

Mutum ɗaya ne ya tsira daga zarginsa, wato Saja, abokinsa tun firamare, tsohon soja da ya yi ritaya ya dawo unguwa da gurguwar gwiwa. Bayan rasuwar matar Yaya, da Saja ya ga abokinsa yana neman rufe kansa a ɗaki, sai ya ja shi zuwa kulob ɗin harbi da ke bayan gari. Ba dabba suke harbi ba, takarda ce mai zane ake liƙawa a allo can nesa, gaban tudun ƙasa, kowa da lasisinsa, bindigogin ma a ɗakin ajiyar kulob suke kwana. Yaya ya je da niyyar gano abin da ke ƙarƙashin wannan kirki na Saja, sai abin ya shiga ransa. Ya ce mini, "Ke, bindiga ba ta murmushi. In ka kuskure akwai dalili, kuma za ka same shi."

Daga nan na shiga uku da karatu. Duk tsakar rana in ya shigo shagona shan ruwa sai ya zauna kan bandir ɗin yadi ya hau yi mini bayanin minti. Da fari na ɗauka na agogo ne. A'a, wani siririn yanki ne na kusurwa, wanda ke buɗewa a hankali daga bakin bindiga zuwa allo. A nisan yadi ɗari faɗinsa kusan inci ɗaya ne, a yadi ɗari biyu inci biyu, haka dai. A kan bindigar akwai madubin saiti, wani bututu mai gilashi da ake leƙawa, kuma a jikinsa akwai maɓallai biyu da ake murɗawa, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. Kowane murɗi yana yin ƙas, kowane ƙas kuma kwatan minti ne. Ƙas huɗu, inci ɗaya. Ni mai yadi da inci, wannan bai yi mini wuya ba.

Akwai wani awon kuma, mil, wanda sojoji suka saba da shi. Shi ya fi minti girma, ya kusa ninka shi uku da rabi, kuma da mita da santimita yake tafiya. Nan ne kaɗai Yaya da Saja suke faɗa. Saja ya ce mil ya fi sauƙi, goma-goma ne. Yaya ya ce an ƙirƙiro shi ne don a rikita mutane a sayar musu da sababbin madubai.

"Ranar da ka ga mil a kan bindigata," in ji shi, "to na mutu, wani ya gada."

Yaya yana da 'ya ɗaya a gari, Auta, wadda ke auren wani mai kemis. Yaron ba shi da aibu, sai dai Allah ya yi shi mai murmushi. In ya durƙusa ya gaishe da Yaya, sai Yaya ya amsa da hanci, bayan ya tafi ya leƙo ta ƙofata ya ce, "Me yake wa dariya? Me ya sani?" Haka suka yi shekaru, har da jikoki a tsakani.

Ana nan sai tsohon madubin Yaya ya zame daga kan benci ya faɗi, gilashin ya tsage. Ya zauna a shago kamar an yi masa rasuwa ta biyu. Auta da mijinta suka yi shawara, suka yi odar sabo ta waya, mai kemis ya kawo shi da hannu bibbiyu. Yaya ya ƙi taɓawa sai da yaron ya buɗe kwalin da kansa. Ya yini yana juya madubin, ya girgiza shi a kunne, ya leƙa titi da shi, ya murɗa maɓallan ya saurari ƙas ɗin. Bai samu laifi ba. Takardar da ta zo da shi rubutunta ƙanana ne, ya tura ta cikin durowa. Da yamma na ji da kunnena ta bango ya ce wa surukinsa, "Allah ya yi albarka. Yaya kasuwa?" Auta ta shigo shagona ta sa fuska cikin labulen wata mata ta yi kuka, sai da na sake goge shi.

Shi da Saja suka ɗaura madubin. A kulob Saja ne mai duba masa, yana zama a baya da wani babban madubin hange mai ƙafa uku, ya ga inda harsashi ya huda takarda, ya faɗi gyaran da za a yi. Ba a daɗe ba Yaya ya shigo mini wata rana, ya turo ƙofa, abin da bai saba ba, ya yi ƙasa da murya.

"Saja yana yi mini ƙarya."

"Haba Yaya. Saja fa?"

"Saurara. Na yi harbi a yadi ɗari, ya tafi hagu da inci huɗu. Da idona na gani, takardar tana da gidaje inci-inci. Ƙas nawa ke nan?"

Na lissafa. "Sha shida."

"Ke ma mai labule kin sani. Shi sai ya ce sha ɗaya."

"Sai ka yi yaya?"

"Na murɗa sha ɗayan don in kama shi."

"Sai me?"

"Sai ya shiga tsakiya."

Na ajiye almakashi. "To ai shi ke nan, Yaya."

"Ba ki da kai ne? Ta yaya lissafin ƙarya zai ba da daidai? Sai dai in an riga an taɓa bindigar, kuma mai faɗin lissafin ya san nawa aka taɓa ta."

Ni ma abin bai zauna mini ba.

Ya ƙera wa akwatin bindigar sabon kwaɗo da hannunsa. Ya ɗiga jan fenti a kan maɓallan don ya gane in an juya. Ya karɓi baƙin zare a wurina ya gitta a bakin akwatin yadda in an buɗe zai tsinke. Ya koma ya tarar da zare lafiya, fenti lafiya, Saja kuma yana nan yana faɗin ƙas ɗin da bai kai lissafi ba, harsashi yana shiga tsakiya. Da ya dawo ya tsaya a kaina ya ce, "Wa kika ƙara ba irin zaren nan?"

Na yi masa tas ranar. Amma zargi yana da naso kamar rinin banza. Wata safiya zan je sayen ƙugiyoyin labule, na hango Auta da Saja tsaye a kwanar layinmu, kawunansu a haɗe, tana magana tana haɗa hannuwa kamar mai roƙo. Da suka gan ni suka yi tsit. Saja ya ce, "Ƙanwata, an fito?" ya ja ƙafarsa ya wuce. Auta ta ce wai maganin gwiwa yake tambaya. Maganin gwiwa, mijinta na da kemis guda a buɗe? Na koma shago ina ɗinki ina saƙe-saƙe. Ko so suke su sa shi ya yarda ya tsufa ya ajiye bindiga? Ko shagon ake so ya bari? Na shiga lura da mai kemis, sai na ga lallai murmushin nan ya yi yawa. Ban gaya wa Yaya ba, don na san abin da zai biyo baya.

Da gasar kulob ta zo, ya ce in rufe shago in bi shi, in zauna kusa da akwatin kada in ɗauke ido. Shi ne zuwana na farko. Doguwar rumfa ce ta kwano, da bencuna na siminti a jere, kowane da buhun yashi na ɗora bindiga. Aka ba ni abin toshe kunne mai kama da murafun kofi biyu. Can gaba ƙananan tutoci suna nuna inda iska ta dosa, ranar kuwa ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A bencin da ke kusa da na Yaya akwai wani likitan haƙori da Yaya ya saba kayarwa, ya gaishe mu da fara'a, Yaya ya matsar da akwatinsa.

Harbin farko ya kauce hagu. Saja, ido a madubinsa, ya ce, "Bakwai dama."

Na ga leɓen Yaya yana motsi. Ya sa yatsa a maɓalli, na ƙirga tare da shi, bai tsaya a bakwai ba sai da ya kai goma. Ya harba. Harsashi ya tsallake tsakiya ya faɗa dama.

"Mutumina, bakwai na ce," in ji Saja a hankali. "Uku hagu."

Yaya ya murɗa nasa lissafin. Iska ta juya, ya sake gyarawa da nasa, ya sake zarcewa. Haka ya yi ta yi, kowane gyara sai ya wuce gona, takardarsa ta zama kamar wadda asu ya ci, huda nan huda can, tsakiya fes. Likitan haƙori ya gama nasa ya leƙo ya ce, "Yau iska ce, Malam, kowa ya sha." Da bai yi murmushi ba wataƙila da an rabu lafiya.

Yaya ya cire harsashi ya kwantar da bindiga yadda doka ta ce, wannan kam ko cikin fushi bai taɓa wasa da shi ba. Ya miƙe ya juya kan Saja. Abin toshe kunnen na kansa, don haka bai san ihu yake yi ba.

"Wa ya sa ka?"

Duk mutanen rumfa suka juyo.

"Ka taɓa bin nawa ka kuskure?" in ji Saja.

"Shi nake tambaya! Me ka yi wa bindigata da naka ke shiga nawa ba ya shiga? Tun muna yara nake cin abinci da kai, ashe kai ma irinsu ne."

Saja ya miƙe. Ya naɗe ƙafafun madubinsa, ya sa a jaka, ya ce mini, "Ƙanwata, ki kai shi gida." Ya fita yana ɗingishi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bai musa ba.

Suka daina magana. Injin Yaya yana ta gurza ta bango, amma ya bar shigowa shan ruwa. Ya rame. Sai wata rana ya leƙo ya ce in ara masa tef ɗin awona, wai bai yarda da gidajen da ke jikin takardar kulob ba. Ya tafi shi kaɗai a ranar aiki, lokacin da ba kowa sai mai gadi, kuma ba iska. Ya yi harbi, ya murɗa ƙas goma, ya sake harbi, ya taka da ƙafarsa har allon ya auna tsakanin hudojin. A lissafinsa inci biyu da rabi ya kamata ya gani. Ya ga uku da rabi har da ɗoriya. Ya maimaita ta sama, ya maimaita ta gefe, bai sake ba.

Ya dawo da madubin a naɗe cikin tawul, ya ajiye a kan teburin yankana.

"Sa tabaranki. Akwai wata ƙazanta a gefen maɓallin nan, gaya mini ko rubutu ne."

Na kai shi bakin taga. Rubutu ne, fari, ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Na karanta masa: kowane ƙas, kashi ɗaya cikin goma na mil.

Ya zauna kan bandir ɗin yadi. Na zaci zai ce kaico, na zalunci Saja. Abin da ya ce shi ne, "Mai kemis. Kira mini su."

Suka zo a tare, Auta tana goye da ƙaramin ɗansu. Yaya ya tsaya ya nuna madubin da yatsa ba tare da ya taɓa shi ba.

"Kai, me na yi maka da ka sa mini mil a bindiga?"

Yaron ya durƙusa, ya dubi matarsa, ya dube ni, murmushin nan ya ɓace a karon farko tun da na san shi.

"Baba, mene ne mil?"

Ko Yaya ya ga ba wasa ba ne. Sai Auta ta fashe.

"Baba, bai san komai ba, wallahi. Mun ga hotonsa ne kawai, aka ce shi ne mai kyau. Baba Saja ne ya gani ranar da kuka ɗaura, ya kira ni ya ce zai gaya maka. Ni na roƙe shi kada ya faɗa. Na ce ya riƙa juya maka lissafin a kansa, ya ba ka ƙas ɗin da ya dace, ba za ka gane ba. Ya yi ta cewa in bari ya faɗa, ni na hana." Ta share hanci da bayan hannu. "Ka ce masa Allah ya yi albarka, Baba. Ba ka taɓa ce masa ba."

Yaya ya ce wa surukinsa, "Tashi, kada ka ɓata wandonka." Ya juyo kaina. "Ke kuma?"

"Ni ma ɓoye mini suka yi."

"Haka kika ce."

Washegari ya sa ni na raka shi gidan Saja, wai yana son shaida. Muka same shi a baranda ya miƙe ƙafar a kan kujera. Suka gaisa kamar waɗanda suka haɗu a layin asibiti. Yaya ya ƙi zama.

"Ka yi mini ƙarya."

"Na yi."

"Tun ranar farko."

"Tun ranar farko."

"To ashe ina da gaskiya."

Saja ya dube ni, kafaɗunsa suka fara rawa, ya yi dariya har da tari. "Kana da gaskiya, mutumina. Zauna mana, tsayuwar nan ta me ce?"

Yaya ya zauna a bakin kujera. Ya zaro wani kwaɗo daga aljihu, sabo fil, ya ajiye a gefen Saja ya ce wanda ke ƙofar gidan Saja ko yaro zai buɗe shi da cokali. Wannan shi ne haƙurin da ya bayar, Saja kuma ya karɓa. Kafin mu tafi sun koma musu, Saja na cewa ga shi mil ya yi masa aiki bai sani ba, Yaya na cewa ai ba mil ne ya yi ba, maƙaryaci ne ya yi.

Madubin bai sauke shi ba, mil kuma bai koya ba. Ya ce ba zai sayar wa wani abin da zai rikita shi ba, kuma ba zai sayi wani a sake cutarsa ba. Saja ya ci gaba da faɗin ƙas, Yaya yana murɗawa yana gunaguni. Mai kemis kuwa ya samu shiga, don a cewar Yaya, duk cikinsu shi kaɗai ne bai san isasshen abin da zai yi makirci da shi ba. Har yana kiran shi ya zo su ci abinci. Auta ce ta ɗan sha kallon ƙasan ido na wani lokaci.

Yanzu hannunsa ya fara rawa. Likita ya ce ya huta da bindiga, kuma ya huta, sai dai Saja yana zuwa ɗaukarsa su je su zauna a rumfa su kushe harbin mutane. Shago yana buɗewa da safe ya rufe kafin la'asar. Jiya na kai masa labulen da na sake wa ɗakinsa, na tarar da shi ya riƙe kofi da hannu biyu. Ya jira na hau kujera ina rataye, sannan ya ce daga bayana, "Ni ban gaya wa likitan nan hannuna na rawa ba. A aljihu na sa shi har na fito. Wani ne ya gaya masa."

Na ce ya miƙo mini sauran ƙugiyoyin.